Tallafin taki ta wayar salula: abin da hidimar ta gyara da abin da ya gagare ta

Hidimar da nake son aunawa a nan ita ce rabon takin zamani da iri a kan rangwame ta hanyar wayar salula, wato tsarin da gwamnatoci da dama a Afirka da Asiya suka runguma tun wajen shekarar 2012 domin ya maye gurbin tsohuwar hanyar da gwamnati ke sayo taki da kanta, ta jibge a rumbunanta, ta raba ta hannun jami'ai da shugabannin yanki. Yadda tsarin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Ana yi wa manomi rajista, a ɗauki sunansa da lambar wayarsa da girman gonarsa, idan damina ta gabato kuma a aiko masa da saƙon tes mai ɗauke da lambar sirri da sunan dillalin kayan noma da zai je wurinsa. Manomin zai biya nasa kason ya ɗauki buhunsa, dillalin kuma ya nemi cikon kuɗinsa daga gwamnati bayan na'ura ta shaida cewa kayan sun fita daga shagonsa. Hukuncina shi ne wannan hidima ta fi wadda ta gada nesa ba kusa ba wajen rage sata, amma har yanzu tana yawan kasa yin abin da manomi ya fi buƙata daga gare ta, wato ta sa taki a hannunsa a kan lokaci, kuma duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san cewa wannan gazawa guda tana iya cinye sauran alherinta gaba ɗaya.

Kafin a yaba ko a kushe, ya kamata a tuna da halin da ake ciki a da. A Najeriya, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, ya sha faɗa cewa kashi 11 cikin ɗari kacal na manoma ne ke samun takin da gwamnati ta biya wa tallafi, sauran kuwa yana bi ta hannun 'yan kwangila da masu uwa a gindin murhu ya ɓulla a kasuwa da cikakken farashi, ko kuma ya tsallaka iyaka. Takardun rangwame, waɗanda suka zo kafin waya, su ma ba su tsira ba. Wani bincike da aka yi a yankin Kilimanjaro na Tanzaniya ya gano cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na takardun da aka raba sun tafi ne gidajen zaɓaɓɓun shugabannin ƙauyuka, wato mutanen da aka damƙa wa amanar rabon. A Malawi, inda Shugaba Bingu wa Mutharika ya fara babban shirin tallafi a daminar 2005 zuwa 2006 bayan ƙarancin ruwa ya jefa ƙasar cikin yunwa, sai da aka riƙa sauya fasalin takardun saboda masu buga na jabu. Ƙaramin manomi a wancan tsari yakan ji labarin taki a rediyo, ya ga tirela ta wuce, amma buhun bai cika isa gonarsa ba sai in yana da wani a sama.

Babban abin da waya ta kawo shi ne shaida. Saƙon da ya shigo wayar manomi yana gaya masa cewa yana da haƙƙi, da yawan abin da ya kamata ya karɓa, da wurin da zai karɓa, saboda haka ba sai ya je ƙofar gidan wani ya durƙusa ba kafin a ba shi abin da aka ware da sunansa. Ina ganin wannan mutunci da aka mayar wa talaka abu ne mai girma, ko da yake ba a cika ambatonsa a rahotanni ba. Shirin da Najeriya ta fara a 2012 ya ba manomi buhu biyu masu kilo 50, ɗaya na kamfa, wato takin haɗi, ɗaya na yuriya, a kan rabin farashi, gwamnatin tarayya da ta jiha suna raba cikon a tsakaninsu, tare da ingantaccen iri, kuma an yi wa miliyoyin manoma rajista cikin 'yan shekaru. Tun da ta hannun dillalai masu zaman kansu kayan ke bi, shagunan kayan noma sun ƙaru a wuraren da a da sai an yi tafiyar yini kafin a ga buhu ɗaya na sayarwa. Zambiya ta ƙara wani abu mai kyau lokacin da ta gwada katin biyan kuɗi a gundumomi 13 a daminar 2015 zuwa 2016, domin katin ya ba manomi damar zaɓen abin da yake buƙata, ko taki, ko maganin ciyawa, ko maganin dabbobi, maimakon a ɗora wa kowa irin masara da buhunan taki iri ɗaya.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokaci. Amfanin gona yana da jadawalinsa da ba ya jiran kowa. Takin kamfa, wanda ya haɗa naitirojin da fosfaras da fotasiyam, ana zuba wa masara shi ne lokacin shuka ko cikin makonni biyun farko, domin a sannan ne saiwa ke buƙatar fosfaras ta kama ƙasa da kyau. Yuriya kuma tana biyo baya bayan makonni huɗu zuwa shida, lokacin da shuka ke miƙewa tana neman abin da za ta yi ganye da kara da shi. Idan kamfa ya zo bayan masara ta kai ƙugu, ko yuriya ta zo bayan masara ta yi goyo, an yi ihu bayan hari, kuma manomin ya biya kuɗinsa a kan abin da ba zai mayar masa da ko rabin amfanin da ya kamata ba. Abin takaici shi ne makara ta zama ruwan dare a irin waɗannan shirye-shirye, ko na takarda ko na waya, a kusan duk ƙasar da aka bincika, kuma dalilan sanannu ne. Kasafin kuɗi yakan fito a makare, baitulmali yakan saki kuɗi a makare, dillalin da gwamnati ba ta biya shi bashin bara ba ba shi da abin da zai sari kayan bana, banki kuma ba ya ba shi rance a kan alkawarin da aka riga aka saɓa. Taki da yawa daga ƙetare yake zuwa ta jirgin ruwa, sai an yi odarsa watanni kafin damina, sa'an nan a ɗauko shi daga tashar ruwa zuwa ƙauyukan da hanyoyinsu kan yanke da zarar ruwa ya sauka. Shirin Najeriya na 2012 ya durƙushe ne bayan 'yan shekaru da tarin bashin da dillalai ke bin gwamnati, a Zambiya kuma jinkirin zuba kuɗi a katunan manoma yana cikin abubuwan da suka sa aka koma wa tsohon rabo a gundumomi da dama. Waya tana aika saƙo cikin daƙiƙa, amma ba ta biyan dillali kuma ba ta tuƙa mota.

Na tsaya a wata cibiyar karɓar kaya a tsakiyar damina na ga yadda wannan makara take a zahiri. Wani dattijo ya ciro wayarsa daga cikin leda, ya nuna wa ma'aikacin saƙon da ya adana tun makonni uku da suka wuce, kuɗinsa kuma a ƙulle a aljihu. Buhunan suna jere a bayan teburin, ana ganinsu, amma na'urar ta ƙi tabbatar da lambar. Ma'aikacin ya fita waje yana ɗaga waya sama yana juyawa ko zai samu sabis, ya dawo ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, sabis ne ya ɗauke, ka dawo gobe in Allah ya kai mu." Dattijon bai ɗaga murya ba, sai ya ce, "Ɗana, masarata ta kai gwiwa, ganyen ƙasa ya fara yin rawaya." Wannan rawayar da ya ambata alama ce ta yunwar naitirojin, kuma kowace rana da ta wuce tana rage abin da zai girba. Zai sake biyan kuɗin mota, zai sake rasa yinin da ya kamata ya yi yana noman ciyawa, kuma babu wani shafi a kwamfutar shirin da ke ƙirga wannan asara. Ba laifin ma'aikacin ba ne, domin an ba shi na'urar da aka tsara ta kamar ana zaune a birni ne. Irin wannan matsala ta addabi Malawi a 2020, lokacin da sabon shirin Shugaba Lazarus Chakwera ya dogara ga duba katin shaidar ɗan ƙasa ta intanet, manoma suka riƙa kwana a bakin shaguna suna jiran sabis. A Indiya, inda tun 2018 ake sayar da taki mai tallafi ta na'urar da ke karanta zanen yatsa, an samu manoman da aikin gona ya goge musu yatsu har na'urar ba ta gane su. Hidimar da ta san masu amfani da ita ya kamata ta iya aiki babu intanet, ta adana bayanai ta aika daga baya, kuma wannan ba wata fasaha ce mai tsada ba.

Matsala ta biyu ita ce rajista, domin duk tsarin yana tsaye ne a kan amsar tambaya guda, wato wane ne manomi. Idan aka ce sai mai takardar mallakar gona, an fitar da mai haya da mai aro da mai riƙe da jingina, kuma waɗannan su ne mafi ƙarancin ƙarfi a cikin manoma. Shirin PM-KISAN na Indiya, wanda aka ƙaddamar a 2019 kuma yake zuba rupi 6,000 a shekara a asusun manomi cikin kashi uku, ya dogara ne ga rajistar filaye, saboda haka mai gonar da ke zaune a birni yana iya karɓa alhali wanda ke zufa a cikinta bisa haya ba ya samun komai. Idan kuma aka ce sai mai waya, mata ne za su fi faɗuwa, tun da a ƙasashe masu tasowa sun fi maza rashin waya ta kansu, kuma saƙon da ya shiga wayar maigida ba lallai ne buhun ya isa gonar matar ba. Ga waɗanda ba su iya karatu ba, dole su miƙa wayar ga wani ya karanta musu lambar sirrin, wanda hakan ya buɗe sabuwar ƙofar cuta. A ɗaya gefen kuma, mai wayo yana iya sayen layukan waya da yawa ya cusa sunayen bogi. Satar ba ta mutu ba ke nan, ta rage ƙarfi ne ta koma wurin rubuta suna, kuma a sama ma ba ta daina ba. A 2022 gwamnatin Malawi ta biya wani kamfani a Ingila kuɗin taki, daga baya aka gano cewa sana'ar kamfanin ta nama ce, lamarin da ya ci kujerar ministan noma.

Akwai kuma batun kason da manomi zai biya, wanda masu tsara shiri suke ɗauka ƙarami ne. Ana neman wannan kuɗi ne a farkon damina, lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa, abinci ya yi tsada, ga kuɗin huɗa da na ƙwadago suna jira. Rabin farashi ga wanda ba shi da ko kwata daidai yake da cikakken farashi. Abin da kan faru shi ne talakan ya sayar da lambarsa ga mai hali ko ga dillalin da kansa a kan ɗan abin da zai sayi hatsi, na'ura kuma ta rubuta cewa ƙaramin manomi ya karɓi takinsa. Ban ga laifin mutumin da ya zaɓi ciyar da 'ya'yansa yau a kan amfanin da zai zo bayan wata huɗu ba, amma tsarin da bai hango haka ba bai san wanda yake yi wa hidima ba. Masana tattalin arziki Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun yi wani gwaji a yammacin Kenya da ya kamata duk mai tsara tallafi ya sani. Sun ba manoma damar biyan kuɗin taki da zarar an gama girbi, lokacin da kuɗi ke hannunsu, tare da alkawarin kai musu kayan har gida kyauta, kuma wannan ɗan sauƙi ya ƙara yawan masu zuba taki kusan daidai da rangwamen rabin farashi da aka bayar daga baya cikin damina. Tsarin waya ya fi kowane tsari dacewa da irin wannan, domin manomi zai iya ajiye kasonsa kaɗan-kaɗan tun daga kaka, amma da wuya ka ga shirin gwamnati da ya buɗe ƙofarsa kafin gajimare ya haɗu.

Masu sukar tallafi suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Wani kaso na takin da ake rabawa yana zuwa ne ga mutanen da ko babu tallafi za su saya da kuɗinsu. Bincike a Malawi ya nuna cewa kowane kilo ɗaya na taki mai tallafi yana rage sayen takin kasuwa da kimanin kilo 0.22, kuma ragin ya fi yawa a wurin masu hali fiye da talakawa, wanda ke nuna cewa kuɗin gwamnati ya fi yin aiki idan ya faɗa hannun mai ƙaramin ƙarfi. Ga kuma nauyin abin a kan baitulmali. A kakar 2008 zuwa 2009, lokacin da farashin taki ya yi tashin gwauron zabi a duniya, shirin Malawi ya cinye kusan kashi 16 cikin ɗari na dukan kasafin ƙasar. An ƙiyasta cewa a 2011 ƙasashen Afirka goma sun kashe sama da dala biliyan ɗaya a kan tallafin kayan noma, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da suka kashe wa noma gaba ɗaya. Kuma tun da yuriya daga iskar gas ake yin ta, Rasha da Belarus kuma suna cikin manyan masu fitar da fotasiyam, tashin farashin da ya fara a 2021 ya tsananta bayan ɓarkewar yaƙin Yukren a 2022 ya tilasta wa gwamnatoci rage yawan masu amfana ko yawan buhuna a daidai lokacin da manoma suka fi buƙata.

Wani aibin da ya fi damuna shi ne yadda hidimar ke ɗaukar kowace gona kamar ɗaya. Ƙasar da aka shekara da shekaru ana nomawa ba a mayar mata da kara ko kashin dabbobi ba takan gaji, kuma bincike a Kenya ya nuna cewa a irin wannan ƙasa takin zamani ba ya biyan kuɗinsa sosai, gonakin talakawa kuwa su ne suka fi kasancewa a wannan hali. Yawan zuba yuriya ita kaɗai yana ƙara wa ƙasa tsami. Indiya ta zama darasi a nan, domin gwamnati ta tsayar da farashin yuriya ƙasa ƙwarai idan aka kwatanta da sauran takuna, manoma suka raja'a a kanta, ma'aunin sinadaran ƙasa ya karkace a jihohi irin su Punjab, har sai da aka wajabta shafa wa yuriya man darbejiya daga 2015 domin hana karkatar da ita zuwa masana'antu da kuma rage saurin narkewarta. Taron shugabannin Afirka kan taki da aka yi a Abuja a 2006 ya sa wa nahiyar burin kaiwa kilo 50 na sinadarin taki a kowace hekta kafin 2015, burin da akasarin ƙasashe ba su cimma ba, kuma abin lura ne cewa taron Nairobi na 2024 ya haɗa batun taki da lafiyar ƙasa a cikin takensa. Wayar da ke iya aika lambar sirri tana iya aika shawarar da ta dace da ƙasar yanki, tana iya ba manomi zaɓin farar ƙasa mai kashe tsami ko irin wake da gyaɗa masu gyara gona, amma sai an samu malaman gona da ɗakunan gwajin ƙasa a bayanta, su kuwa su ne ake fara yanke wa kuɗi idan taki ya cinye kasafi.

Duk da haka ban yarda da masu cewa a janye tallafi a bar kasuwa ta yi aikinta ba. An gwada hakan a shekarun 1980 da 1990 bisa matsin Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, kuma a ƙasashe da dama amfani da taki ya ragu ko ya tsaya cik, 'yan kasuwar da aka ce za su cike giɓin ba su shiga ƙauyuka masu nisa ba. Ana yawan kawo misalin Niyu Zilan, wadda ta soke tallafinta daga 1984 kuma nomanta ya bunƙasa, amma manomanta suna da manyan filaye da bankuna da hanyoyi da tashoshin ruwa, abin da mai hekta ɗaya a inda babu kwalta ba shi da shi. Manyan ƙasashen da ke ba da wannan shawara su kansu ba sa bin ta. Tarayyar Turai ta ware kimanin Yuro biliyan 387 domin manufarta ta noma daga 2021 zuwa 2027, kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafinta. Tallafin da Amurka ke ba masu noman auduga ne ya sa Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka kai kukansu gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2003, Barazil kuma ta yi ƙara ta yi nasara, har Amurka ta biya ta dala miliyan 300 a 2014 aka rufe maganar. A ce wa manomin da ke gogayya da irin waɗannan ya tsaya da ƙafarsa shi kaɗai, rashin adalci ne. Abin da ya samu Siri Lanka a 2021, lokacin da aka hana shigo da takin zamani farat ɗaya, noman shinkafa ya faɗi, aka janye dokar cikin watanni, ya isa ya nuna haɗarin yanke wa manoma taki babu shiri.

Sai dai misalin Turai yana ɗauke da gargaɗi ga duk mai zaton cewa yawan kuɗin tallafi shi ke raya ƙaramin manomi. Tun da galibin kuɗin bisa yawan hekta ake biyansa, kusan kashi 80 cikin ɗari yana tafiya ne ga kashi 20 na masu karɓa, kuma tsakanin 2005 da 2020 gonaki sama da miliyan biyar sun ɓace a tarayyar, akasarinsu ƙanana waɗanda ba su kai hekta biyar ba. An yi kashin dankali ke nan, babba ya danne ƙarami, da kuɗin jama'a. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya uku suka fitar a 2021 ya ce duniya tana kashe kimanin dala biliyan 540 a shekara wajen tallafa wa manoma, kuma kashi 87 cikin ɗari na wannan yana karkatar da farashi ko yana cutar da muhalli da lafiya. A nan ne tallafin waya yake da wani fifiko na gaske, domin ana iya ƙayyade masa iyaka, buhu biyu ko uku ga kowane mutum komai faɗin gonarsa, ta yadda mai hekta ɗari ba zai ɗauki rabon mutum ɗari ba. Idan aka tuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na gonakin duniya ba su kai hekta biyu ba, kuma suna samar da kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin duniya a kan ɗan filin da bai wuce kashi 12 ba, za a ga cewa wannan iyaka ba ƙaramin abu ba ce.

Abin da buhu biyu ba za su iya yi ba shi ne su kare manomi daga abin da ke jiransa bayan girbi. Idan taki ya yi aiki amfani ya yi kyau, kowa yakan kai kasuwa a mako guda domin biyan bashi, farashi ya faɗi, mai kuɗi ya saye ya ajiye, ya sayar wa manomin da kansa da tsada bayan wata shida. Nazarin da aka yi a kan shekarun da Indiya ta shafe tana kashe kuɗi a karkara ya nuna cewa tallafin taki ya yi amfani a farkon lamari, amma daga baya hanyoyin ƙauye da binciken noma sun fi shi rage talauci nesa. Alkawarin Maputo na 2003, cewa kowace ƙasar Afirka za ta ware kashi 10 cikin ɗari na kasafinta ga noma, kaɗan ne suka cika shi, kuma idan ɗan abin da aka ware ya ƙare a taki, babu hanya babu rumbu babu ruwan noman rani, to kowace shekara daga farko za a sake. 'Yan siyasa suna son taki saboda buhu abu ne da ake gani ana ɗaukar hoto da shi kafin zaɓe, ni kuwa da za a ba ni zaɓi, na fi son a rage yawan sunaye a rajista a tabbatar an biya dillalai kafin damina, fiye da a sanar da miliyoyin da rabinsu za su karɓa bayan masara ta bushe. Ma'aunin da ya kamata a riƙa auna irin wannan hidima da shi shi ne yawan buhunan da suka shiga hannun manoma kafin ranar shuka, gunduma bayan gunduma, a kuma wallafa shi kowa ya gani, domin yawan tan ɗin da aka raba ba ya faɗin ranar da aka raba su.

Ga manomin da ake irin wannan shiri a inda yake, shawarata ita ce ya yi rajista, domin babu abin da zai rasa, amma ya yi ta da layin wayar da ke hannunsa kuma da sunan da ke kan katin shaidarsa harafi da harafi, tun da bambancin harafi ɗaya yana hana na'ura amincewa. Kada ya faɗa wa kowa lambar sirrinsa kafin ya ga buhun a gabansa, ya duba ɗinkin bakin buhun, ya nemi a ɗora shi a sikeli, ya kuma taɓa ya ji ko takin ya dunƙule saboda danshi. Mace mai gonarta ta nemi a rubuta ta da sunanta da lambarta, masu haya kuma su shiga ƙungiyar manoma, domin a wurare da dama ta nan ake karɓar waɗanda ba su da takardar fili. Wanda ke da hali ya tanadi ko da rabin buhun kamfa tun kaka, ya tara takin gida a gonarsa tun rani, ya yi shukarsa da ruwan farko mai kyau ba tare da jiran saƙo ba, in na gwamnati ya iso a kan kari ya zuba, in ya makara ya ajiye shi a busasshen wuri a kan katako domin noman rani ko daminar baɗi.